An raɗa masa sunan namiji, likitoci sun ce mace ce

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana da garinmu. Shekarata 24, auren zumunci aka yi mana da ɗan gwaggona. Ɗan farinmu namiji ne, ya koma yana da mako uku: amai ya yi ta yi, ya ƙi nono, aka ce iska ce. Wata biyu da suka wuce na sake haihuwa a gida. Ungozoma ta ce namiji ne, amma ni tun ranar na ga gabansa bai yi mini daidai ba, ƙarami ne a lanƙwashe, fitsari kuma ta ƙarƙashi yake fita. Aka ce zai ware. Aka yi suna, aka yanka rago, aka mayar da sunan marigayi mahaifin maigida, muna kiransa Abba. Yana da kwana 16 amai ya fara, maɗiga ta faɗa, jiki ya saki. Wannan karon ban saurari kowa ba na tafi asibiti, daga can aka tura mu asibitin koyarwa. Bayan ƙarin ruwa da gwaje-gwaje, likitoci suka ce babu ’ya’yan maraina, akwai mahaifa, jini ma ya nuna mace ce. Suka ce sunan ciwon CAH, za a sha magani har iyakar rai, suka kuma ambaci tiyata nan gaba.

Tun da muka dawo maigida ya ɗauke wuta. Ya ce shi ɗa namiji Allah ya ba shi, duk gari sun shaida, ba zai zama abin dariya a majalisa ba. Gwaggo ta ce mata-maza na haifa, daga dangin uwata abin ya fito. Ta ce tun da yaro ya warke a daina maganin asibiti, a kira wanzami ya yi masa kaciya kowa ya huta. Anti, laifina ne? Ya halatta a sauya suna bayan an yanka rago? In yarda da tiyatar? Ni yanzu ko “shi” ko “ita” ban san wanne zan ce ba.

Uwa cikin damuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wanda ya koma mai ceto ne, ya raya miki wannan, ya sa albarka a rayuwarta. “Ita” zan ce, bisa abin da gwaji ya nuna, dalilin kuma zai fito a gaba. Ranar da kika saɓa jaririya kika nufi asibiti ba tare da jiran yardar kowa ba, ranar kika zama sanadin tsirar ranta, ki riƙe wannan duk lokacin da aka ɗora miki laifi. Tambayoyinki ba nauyinsu ɗaya ba. Suna zai iya jira, tiyata za ta iya jira, bakin mutane ma haka. Magani ne ba ya jiran ko kwana ɗaya, don haka da shi zan fara.

A saman kowace ƙoda akwai wata ’yar halitta da likitoci ke kira adirina. Tana sarrafa sinadarai da jiki ba ya rayuwa sai da su. Ɗaya shi ne kotizol, mai riƙe sukarin jini da ƙarfin gudunsa, musamman lokacin da jiki ya shiga wahala kamar zazzaɓi ko rauni. Ɗayan kuma aldostiron, wanda ke hana ƙoda zubar da gishirin jiki a fitsari. Yaron da aka haifa da CAH, adirinarsa ba ta iya ƙarasa haɗa waɗannan biyun yadda ya kamata. A duniya ana samun irin wannan a kusan jariri 1 cikin 15,000, kuma wajen uku cikin huɗu na masu shi suna da nau’in da ke zubar da gishiri. Alamun da kika lissafa, amai, ƙin nono, faɗawar maɗiga, sakin jiki a mako na biyu ko na uku, su ne ainihin yadda wannan nau’in ke bayyana. Ƙwayoyin da aka ba ki, haidurokotizon da fuludurokotizon, suna maye gurbin abin da jikinta ya kasa yi ne. Ba sa gyara adirinar. Lafiyar da Gwaggo take gani har take cewa an warke, maganin ne ke riƙe da ita; in aka janye shi, cikin ’yan kwanaki za a iya komawa gidan jiya, kuma ba kullum ake isa asibiti a kan lokaci ba.

Saboda haka ki ba ta a kan lokaci kamar yadda aka rubuta, galibi haidurokotizon sau uku ne a rana. In sun haɗa miki da gishirin da za ki riƙa ba ta, kada ki raina shi, nonon uwa gishirinsa kaɗan ne, bai wadatar da jaririya irinta. Sai dai awon na likita ne, ba na kintace da yatsa ba. A zuwanki asibiti na gaba kada ki fito sai an rubuta miki a takarda yadda za ki ƙara magani ranar da take zazzaɓi, domin a irin wannan ranar ana ninka shi biyu ko uku. Ki nemi a koya miki, ko a koya wa wani ma’aikacin lafiya na kusa da ku, allurar gaggawa da ake yi idan tana amai maganin ya ƙi zama. Amai da gudawa, ko barcin da ba ki iya tashinta daga shi, ba abin a bari gari ya waye ba ne. Ƙasarmu ta sauro ce da zafin bazara mai tatse gumi, duka biyun kuwa suna taɓa irin waɗannan yara fiye da sauran. Fuludurokotizon ba kowane kemis ke ajiye shi ba, ki riƙa sayen wani tun da sauran na mako biyu a hannu, kuma kada mai kemis ya musanya miki da wani wai ai duk aikinsu ɗaya. Takardar da ke ɗauke da sunan ciwon da magungunan ta zauna a jakarki duk inda za ki.

Akwai maganar da zan faɗa miki a hankali. Ɗa namiji mai wannan ciwo, gabansa lafiya lau yake fitowa, babu abin da zai ja hankalin ungozoma ko likita, sai dai a ga ya fara amai a mako na biyu ko na uku. Mai yiwuwa ne ƙwarai abin da ya ɗauke ɗan farinki ke nan. A Amurka da Jamus da Japan ana ɗiban ɗigon jini a diddigen kowane jariri don gano shi tun kafin ya kwantar da yaro; a wajenmu ba a saba ba. Ba ki da yadda za ki sani a lokacin. Ki gaya wa likita labarinsa in ba ki riga kin faɗa ba, zai taimaka musu, zai kuma taimaka wajen fahimtar da maigida cewa abin ba daga wannan haihuwar ya faro ba.

To me ya sa mace ta fito da kamar namiji? Har zuwa mako na 6 ko na 7 na ciki, ɗan tayi namiji da mace ba su da bambanci a wannan sashe. Tsoka ɗaya ce, tana iya bin kowace hanya. Abin da ke raba su shi ne ƙunshin ƙwayoyin gado da ake kira kuromozom: mace XX ce, namiji XY. In akwai kuromozom Y, wani ƙwayar gado da ke kansa, wanda masana suka gano a 1990, yakan sa a gina ’ya’yan maraina. Su kuma sai su fitar da sinadarai iri biyu: ɗaya ya shafe abin da zai zama mahaifa, ɗayan, sinadarin maza, ya siffanta gaba tsakanin mako na 8 zuwa na 12. Ɗan tsiron da zai zama ɗan tsaka a jikin mace shi ne yake girma ya zama mazakuta, leɓɓan gaba kuma su haɗe su zama jakar maraina. ’Yarki XX ce, ba ta da maraina, shi ya sa mahaifarta da ma’ajiyar ƙwanta suka ginu yadda ya kamata. Amma adirinarta, da ta kasa yin kotizol, sai kayan haɗin suka taru suka karkata suka zama sinadarin maza, shi kuma ya yi aikinsa a waje: ɗan tsaka ya girma, leɓɓa suka manne, mafitar fitsari ta koma ƙarƙashi. Abin da ungozoma ta gani ke nan, kuma ba za a zarge ta ba, likitoci ma sai da gwaji suke rabewa.

Za ki ji labarai iri-iri daga masu zuwa barka da dubiya, cewa wance ma ta haifi irin haka kuma daga baya ya zama namiji sosai. Mai yiwuwa gaskiya suke faɗa, amma ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai wadda XY ce, jikinta ne ba ya jin sinadarin maza, sai ta tashi mace cikakkiya a ido, ba a ganewa sai haila ta ƙi zuwa. Akwai wasu yara a ƙauyukan Jamhuriyar Dominika, waɗanda likitoci suka bayyana lamarinsu a 1974, ana haihuwarsu da kamar mata, in sun balaga jikinsu ya juya na maza. Wajen jariri 1 cikin 4,500 ake haifa da gaban da ba a iya tantancewa da ido, dalilan kuwa suna da yawa. Labarin ɗan wance ba zai gaya miki komai game da ’yarki ba.

Laifinki ne? A’a. Kin san yadda sikila take: sai uba AS, uwa AS, kowannensu lafiyarsa ƙalau, sannan a haifi SS. Haka wannan yake sak. Sai an samu ƙwayar gadon daga uwa, an samu daga uba, sannan ciwon ke bayyana, kuma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, namiji ko mace. Ba sammu ba ne, ba abin da kika ci ko kika tsallaka da ciki ba ne. Da yake ku ’yan uwa ne, abin da ya fi kusa shi ne ku biyun kun gajo shi daga kakannin da kuka haɗa, wato ta ɓangaren Gwaggo da mahaifinki. Na gaya miki ne don zuciyarki ta huta, ba don ki mayar mata da martani da shi ba. Ranar da kika faɗa mata haka cikin fushi, kin rufe ƙofar da kike buƙata a buɗe. In za ta ji, ta ji daga bakin likita.

Maganar wanzami kuwa, nan ki kafe. Babu aska da za ta taɓa yarinyar nan. Abin da zai yanka ba kaciyar namiji ba ce, naman jikin mace ne mai jijiyoyi, wanda in an cire ba ya dawowa, kuma likitocin tiyata da wannan fatar suke aiki idan an zo gyara. Ban da haka, jikin da ba ya yin kotizol, zubar jini da raɗaɗi kaɗai sun isa su jefa shi cikin haɗari. Kada ki bar ta a ɗakin kowa ki tafi unguwa har sai wannan magana ta mutu.

Ban ɗauki Gwaggo a matsayin muguwa ba. Tsohuwa ce da ta binne jika ɗaya, aka mayar mata da sunan mijinta a kan na biyu, yanzu kuma ana ce mata ba haka ba ne. Kaciyar da take nema, so take a rufe magana a koma yadda ake. Maigidanki ma makoki yake yi, ko da bai faɗa ba: ya rasa ɗa namiji sau biyu, na biyun ma da sunan mahaifinsa. Kunyar majalisa da ya ambata gaskiya ce, ba ƙaramin abu ba ne a wajen namiji. Amma shirunsa na nuna mini bai gama yanke hukunci ba. Kada ki tare shi da gardama a gaban mahaifiyarsa. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki roƙe shi abu ɗaya tak: ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa, ya ga hoton mahaifar da idonsa, ya yi duk tambayar da ke ransa. Maza da yawa abin da suka ƙi ji daga bakin matansu sukan karɓe shi daga likita. In ya ƙi, ki bi ta mahaifinki, wanda kawunsa ne, ko wani aminin da yake jin nauyinsa.

Ga abin da ya kamata ya sani kafin ya dage. In aka rene ta a matsayin namiji, ba za ta taɓa iya yi wa mace ciki ba, don babu maraina. In ta balaga kuma tana shan magani, ƙirji zai iya fitowa, haila ta zo, sai dai in an yi tiyata an cire mahaifa da ƙwai masu lafiya. Wato kunyar da yake gudu yau tana nan tana jiransa bayan shekara goma sha, lokacin da yaron ya san kansa, abokansa sun san shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka rene ta mace da kulawar likita, za ta iya yin haila, ta yi aure, da yawa daga irinsu sun haihu. Binciken da aka yi a kan waɗanda aka rena mata ya nuna fiye da tara cikin goma sun girma suna jin kansu mata. Ba zan ɓoye miki sauran ba: akwai kaɗan da ba su ji haka ba, kuma da yawansu suna tasowa da son wasannin maza da ƙiriniya, wanda ba abin tashin hankali ba ne. Da a ce sai da ta shekara bakwai ko goma ana kiranta namiji aka gano, da shawarata ta bambanta, da sai na ce a saurari yaron kafin komai. Amma wata biyu gare ta. Ba ta san sunanta ba tukuna, kuma babu lokacin da gyara zai fi yanzu sauƙi.

Ta fuskar addini, ba ku ne farkon shiga wannan ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da buɗe babi a kan hunsa, wato mata-maza, har littafin Muhtasar da ake karantawa a zaurukanmu da hukuncinsa ya rufe. Sun duba alamomin da idonsu ke iya kaiwa, kamar mafitar fitsari, gemu, nono da haila, don gano ainihin jinsin mutum. Yau hoto da gwajin jini suna nuna abin da a da sai an jira balaga. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan batun a 1989, ta bambanta tsakanin mai lafiyayyar halitta da ke son sauya jinsi da wanda aka haifa da shubuha a halittarsa, ta halatta wa na biyun magani da tiyata don a fito da abin da ya rinjaya. Sauya suna kuwa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi: Barra ta koma Zainab. Ragon ma bai tafi a banza ba, domin a mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ake yankawa, ɗa namiji ne ko ’ya mace. Ku samu malami mai ilimi da riƙon sirri, ku je masa da takardar asibiti, maigida ya ji daga bakinsa. Sunan marigayi kuma a ajiye shi, in Allah ya kawo namiji yana nan.

Yadda za a sanar da mutane, ni a ganina gajeriyar gaskiya ta fi. “An haife ta da lalurar da ta sa aka yi kuskuren ganewa, asibiti sun tabbatar mace ce, tana shan magani.” Iyakar ke nan, kuma maigida ne ya fi dacewa ya faɗa, ko limamin unguwa bayan an idar da salla, a yi addu’a a watse. Ba sai an sake taro ba. Za a yi surutu, ba zan ce miki ba za a yi ba, amma surutun da aka yi a kan jaririya yakan tsufa kafin ta yi wayo. In zaman unguwar ya yi miki zafi, ki nemi izini ki je gida ki yi ’yan makonni, ki dawo da ita da sabon sunanta da ɗan kunnenta. Wasu iyalan sukan sauya unguwa gaba ɗaya. Hanya ce, amma tana da tsada, kuma dangi dai suna nan. In an riga an karɓi takardar haihuwa, ku koma ofishin Hukumar Ƙidaya da wasiƙar likita a gyara tun yanzu, kafin maganar makaranta ta taso. Kuma kada ki yarda a riƙa buɗe mata zane ana nuna wa masu son gani, ko ’yar uwarki ce, balle a ɗauki hoto a waya.

Tiyata ita ce inda zan ce ki ja numfashi. In fitsari na fita ba matsala, ba ta yawan kamuwa da ciwon mafitsara, babu gaggawa. Likitocin duniya kansu ba su haɗu a kan lokaci ɗaya ba. Wasu na ganin a raba hanyar fitsari da ta farji tun tana ƙarama ya fi sauƙin warkewa, kuma yana sauƙaƙa wa yarinya tasowa a cikin jama’a. Wasu na cewa a jira, don sau da yawa akan sake aikin in an balaga, kuma rage ɗan tsaka na iya rage jin daɗin aure har abada. Akwai manyan da aka yi wa suna jarirai da suka fito suka ce da an bari sun girma an tambaye su. Ƙasar Malta ta taƙaita irin wannan tiyata da doka a 2015, Jamus ma a 2021. Mu a nan yanayinmu daban ne, yarinya na wanka da sa’o’inta, tana kwana ɗakin kaka, ido na kanta, ban raina wannan ba. Abin da nake ba ki shawara shi ne ku bar magani ya yi aiki tukuna, domin idan sinadarin maza ya sauka, girman wajen yakan ragu, jikinta kuma yana ƙara girma yana rufe shi. Bayan nan ku zauna da likitan sinadaran jiki na yara da likitan tiyatar yara, ku tambaye su dalla-dalla: wane sashe ne dole don lafiya, wanne ne don gani kawai, sau nawa suka yi irin aikin, me zai faru in an jira. Kuna da damar jin ra’ayi na biyu a wani asibitin koyarwa, ko Kano, ko Shika, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Abin da ya zama dole shi ne hanyar haila ta kasance a buɗe kafin ta balaga, wannan kuwa akwai shekaru a gaba.

Ita kanta yarinyar, kada a rene ta cikin rufa-rufa. Tana fara wayo ki gaya mata jikinta ba ya yin wani sinadari, shi ya sa take shan magani. Sauran bayanin ki riƙa ƙara mata daidai hankalinta, don kada wata rana ta tsince shi a bakin ’yar maƙwabta cikin gori. Zuwa asibiti a kai a kai ba ya ƙarewa, don ana daidaita maganin da girmanta: in ya yi kaɗan za ta yi saurin tsawo da balaga da wuri sannan ta tsaya gajera, in ya yi yawa ya hana ta girma.

Wannan lalura ba dalilin rabuwar aure ba ce, ba kuma dalilin daina haihuwa ba. Duk cikin da kika samu nan gaba ki sanar da likita tun awon farko, ki haihu a asibiti, a gwada jaririn a kwanakin farko ko da namiji ne kuma komai nasa ya fito daidai. Idan kuwa duk an bi waɗannan hanyoyi maigida ya tsaya a kan bakansa game da suna, ki ba shi lokaci, wata ɗaya ko biyu ba za su ɓata komai ba. Amma in aka kai ga hana magani ko kawo wanzami, ki ɗauki ’yarki ki tafi wajen mahaifinki a ranar, ki kuma sanar da likitanta da ofishin jin daɗin jama’a na asibitin, su kira maigida su zauna da shi.